Amsar Tambaya: Maganin Sauro Ya Shiga Tankin Kifina

Tambaya: Ina kiwon kifayen ado na ruwan gishiri a falo. An fesa maganin sauro tankin yana buɗe, yanzu kifayen sun taso sama suna haki. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu, 'yar'uwa, amma ki yi hanzari. Yawancin magungunan sauro na feshi guba ne mai ƙarfi ga kifi, jatan lande ma sun fi saurin mutuwa.

Da farko ki buɗe tagogi. Sai ki kwashe rabin ruwan, ki maye gurbinsa da sabon ruwan gishiri da gishirin ya narke sosai, wanda zafinsa ya yi daidai da na tankin, wajen digiri 25, gishirinsa kuma giram 35 a kowace lita. Kada ki zuba ruwan famfo kai tsaye.

Ki sa gawayin tace ruwa na musamman da ake sayarwa a shagon kifi cikin matatar tankin, ki riƙa sauya shi kullum na 'yan kwanaki, domin shi ke tsotse gubar. Ki ƙara iska, ki dakatar da abinci na kwana biyu, sannan ki riƙa auna amoniya, saboda ƙwayoyin bakteriya da ke tsabtace ruwan na iya raunana.

Nan gaba, ki rufe tankin ki kashe famfon iska kafin a yi feshi.