Kada ka jira layin ikirari kafin ka binciki zuciyarka

'Yan'uwa Katolika, da yawanmu ba ma tunawa da binciken zuciya sai mun tsaya a layin ikirari, Fada yana jira. Nan mutum zai yi ta kame-kame, ya jero laifuffukan da ya saba faɗa tun yana yaro, abin da ke cin sa yau kuwa ko taɓa shi bai yi ba.

Waliyyi Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya koyar da bincike na kullum. Kafin ka kwanta, ajiye waya, ka ware minti 15. Fara da godiya, ka ambaci takamaiman alherin da ka samu. Sannan ka bi yinin daki-daki: a ina raina ya ɓaci, me ya tunzura ni? Sau da yawa faɗan da ka sauke wa iyali da dare, tun a kasuwa aka ƙulla shi.

Amma kada ka mai da zaman na tsine wa kai. Roƙi gafara, ka zaɓi abu ɗaya da za ka gyara gobe. Laifin da ya yi ta maimaituwa kuwa, shi za ka kai gaban Fada.