Amsoshin Tambayoyinku: Shin salon waƙa yana da mai shi?

Tambaya: Ni mawaƙin biki ne a Magarya, ina zuwa wasa har Dungas da ƙauyukan bakin iyaka. Kwanan baya aka turo mini wata waƙa ta WhatsApp, kiɗan irin nawa, yadda nake jan murya da jefa kirari duk irin nawa, amma an ce na'ura ce ta haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira. Ba a ɗauki baitina ko guda ba. Shin doka ba ta kare salon mutum? In ba ta karewa, ai ya kamata a gyara ta.

Amsa: Malam, sannu da haƙuri, abin da ciwo. Amma gaskiya ɗaya ce, doka ba ta kare salo. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar mai lamba 2010-95, ta ranar 23 ga Disamba 2010, da Yarjejeniyar Bangi ta 1977 wadda ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin mallaka ta OAPI mai ƙasashe 17, duka aikin da aka riga aka fitar suke karewa: baitocinka, karin wata waƙa takamaimai, da faifan da ka naɗa. Hanyar yi kuwa ta kowa ce. Haka abin yake a Najeriya da Faransa da Amurka.

Batun a gyara dokar, nan ne muka rabu da kai. Ka tuna yadda kai ma ka koya. Mawaƙin Hausa daga amshi yake tasowa, ya bi ubangida shekara da shekaru, ya kwashi lafazinsa da tafiyar kiɗansa, sannan ya ja nasa ayarin. Da salo yana da mai shi, da duk wanda ya rataya kalangu bayan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sai ya nemi izinin magada. Haka mai kuntigi bayan Ɗan Maraya Jos, haka masu waƙar fada a Damagaram bayan Ma'azu Ɗan Alalo. Wa zai ci riba kuma? Mai kuɗin ɗaukar lauya a Kano ko Yamai. Mawaƙin Dungas shi za a riƙa kaiwa ƙara.

An ma ɗanɗana irin wannan a Amurka. A 2015 wata kotu a Los Anjalis ta ci Robin Thicke da Pharrell Williams tarar miliyoyin daloli, bisa cewa waƙarsu ta kwaikwayi ta marigayi Marvin Gaye. Mawaƙa da dama sun yi tir da hukuncin, don a ganinsu yanayin kiɗa kawai aka hukunta.

Sai dai kada a ce na'ura da ɗan amshi ɗaya ne. Ɗan amshi yana ɗaukar wa ubangida kaya, yana ambaton sunansa a fagen wasa, kuma shi kaɗai ne. Na'ura sai an ɗura mata dubban faifai kafin ta iya, ta kuma fitar da waƙa cikin minti guda. A nan ƙorafinka yake da ƙafa: an kwafi faifan wani aka koya mata, da izini ko babu? Kan wannan ne kamfanonin waƙa na Universal da Sony da Warner suka maka Suno da Udio, masu na'urar haɗa waƙa, a kotu a watan Yuni 2024. A ganina wajibi ne a nemi izini, a kuma biya.

Murya ma daban take da salo. A 2024 jihar Tenesi ta Amurka ta yi dokar da ta hana kwaikwayon muryar mutum da na'ura ba da yardarsa ba. Irin wannan ce nake so mahukuntanmu su duba, domin wanda aka saka wa baki a waƙar siyasa ko ta zambo da bai yi ba, mutuncinsa aka taɓa.

Kafin nan, ka sake sauraren waƙar da kyau. In akwai kari ko amshin wata waƙarka a ciki, ko an liƙa mata sunanka, kana da hujja. Ka adana ainihin faifanka tun daga situdiyo da ranar naɗa shi, ka sa a karanta maka duk takardar da za ka sa wa hannu, sannan ka yi rajistar waƙoƙinka a hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta a Nijar.