Tamfol Ɗin Mai Bincike: Darasi Daga Duwatsun Michika

Gabatarwa

A ajin nazarin harshe an koya mana yadda ake tsara jerin kalmomi, da yadda ake zaɓen wanda za a yi wa tambayoyi, da yadda ake rubuta karin sauti. Abu ɗaya ne ban taɓa jin an tsaya a kansa ba, wato inda mai bincike zai sa kansa da takardunsa idan hadari ya taso masa yana tsakiyar dutse. Ni ruwan sama ne ya koya mini wannan darasi, a ƙasar Michika ta jihar Adamawa, lokacin da na je tattara kalmomin Hausa da suka shiga harshen Kamwe domin kundin digirina. Na ga ya dace in rubuta shi saboda ƙannena ɗalibai masu shirin fita bincike.

Michika tana gindin duwatsun Mandara ne, arewa da Mubi, daf da iyakar Kamaru. Mafi yawan mutanenta Kamwe ne, 'yan'uwansu na tsallaken iyaka kuwa ana kiran su Kapsiki. A tsofaffin littattafai za ku tarar an rubuta Higi, amma da yawa daga cikin masu harshen ba sa son wannan suna, don haka kada ɗalibi ya furta shi a gabansu. Kamwe ɗan'uwan Hausa ne a iyalin harsunan Cadi. A rabon da Paul Newman ya yi a 1977, Hausa tana reshen yamma, shi kuma yana reshen Biu-Mandara. Matsalar ita ce dattawan da ake son jin maganarsu da yawa suna ƙauyukan kan dutse, inda mota ba ta zuwa, babur ma yakan tsaya a hanya. Daga nan duk abin da mutum ya mallaka a bayansa zai hau.

Kalmomin mafaka

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomin. Rumfa rufi ce a kan turaku, ba ta da bango, amfaninta inuwa. Bukka kuwa da ciyawa ko kara ake yin ta, rufinta da jikinta abu ɗaya ne, kamar wadda makiyayi ko mai gadin gona yake kwana a ciki. Duka biyun da abin da aka tarar a wurin ake yin su, in za a tashi kuma a bar su a nan.

Mafakar da ake naɗewa a ɗauka tana da sunaye uku, kuma abin lura shi ne dukkansu na aro ne. Laima daga Larabci take, daga alkhaima. Harafin lam na farkon kalmar ya manne da ita ya zama nata, kamar yadda ya faru a labari da lahira da littafi. Ma'anarta ta asali ita ce tanti, amma a bakin Bahaushen yau ta fi tsayawa a kan wadda ake riƙewa a hannu. Tanti daga Turanci yake, an ƙara masa wasali a ƙarshe domin ya dace da tsarin gaɓar Hausa. Tamfol ma daga Turanci yake, daga tarpaulin: sautin /p/ ya koma /f/ kamar a fensir da famfo da fenti, an kuma yanke gaɓar ƙarshe. A kasuwa za a ji wasu suna cewa tampol.

Aikatau ma yana nuna bambanci. Rumfa da tanti kafa su ake yi. Tamfol kuwa ana shimfiɗa shi a shanya masara, ana rufa shi a kan kayan mota, ana ɗaura shi a yi inuwa. Wato shi ba shi da siffa tasa, sai wadda mai shi ya ba shi. Wannan ne ƙarfinsa, nan ne kuma rauninsa yake.

Me ya sa ba tanti ba?

Tanti yana da sanduna da ƙofa da shimfiɗar ƙasa, nauyinsa ya fi, kuɗinsa ma ya fi, da rana kuma cikinsa kamar tanda. Amma babban dalilina ba wannan ba ne. Baƙon da ya shiga ƙauye ya kafa ɗan ɗakinsa ya ja zif, ya riga ya faɗa wa mutane cewa ba ya bukatarsu. Mai binciken harshe kuwa mutane ne jarinsa. Ƙarƙashin tamfol mutum uku ko huɗu za su zauna tare da kai, hira ta ci gaba.

Kuma kada a ɗauka tamfol madadin masauki ne. A yawancin dararen da na yi, a gidajen mutane na kwana. Tamfol na tsakanin ƙauye da ƙauye ne, da bakin gona inda za ka bi dattijo domin nan kaɗai yake da lokacinka a damina, da daren da ɗakin baƙi ya cika aka nuna maka tsakar gida.

Yadda na yi asarar kwana uku

Fitata ta farko, rowa ta sa na sayi baƙar leda ta awo a kasuwar Mubi, irin wadda ake rufe bulo da ita. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, na ce na gama. Wata la'asar a watan Agusta muna dawowa daga gona, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na ɗaure ledar a jikin wata bishiya da kusurwoyi biyu. Iskar da ke zuwa gaban ruwa ta cika ta kamar balan-balan, ta tsage daga inda na huda na zura igiya. Littafin da na cika cikin kwana uku da alƙalamin tawada ya jiƙe, shafukan suka koma shuɗi. Kamwe harshe ne mai sarƙaƙƙun baƙaƙe, ba abin da kunnen Bahaushe zai tuna daga baya ya sake rubutawa ba ne. Dole na koma na roƙi dattijon ya maimaita mini komai. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ka zo da karatu, ka bar rufi a gida." Tun daga ranar da fensir nake rubutu.

Abin da za a duba wajen saye

Tamfol iri huɗu ne a saninmu. Akwai mai kaurin nan na manyan motoci, wanda ba ya tsagewa, amma jaki ne abokin tafiyarsa, ba ɗalibi ba. Akwai shuɗi saƙaƙƙe na shanya hatsi, mai araha, wanda ake samu ko'ina. Aibinsa shi ne zobban bakinsa suna fita da wuri, rana kuma tana cinye shi. Akwai fari na hukumomin agaji, wanda ya yawaita a yankin bayan Boko Haram ta kama Michika a watan Satumba na 2014, mutane suka gudu duwatsu da Yola da Kamaru, kafin sojoji su ƙwato garin a farkon 2015. Wannan yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai mai mita 4 da 5 yana kai kilo 4. Na huɗu shi ne siririn nailan na masu hawan dutse, wanda mai mita 3 da 3 ba ya kai kilo 1, yana naɗuwa ya koma kamar burodi. Akan dace da shi wurin 'yan gwanjo. Shi ma yana da halinsa: idan ya jiƙe yakan saki, sai an tashi an ƙara jan igiya.

Wanda ya sami na huɗun ya saya. Wanda bai samu ba ya ɗauki shuɗin, ya kai wa mai ɗinkin buhu ya rage shi zuwa mita 3 da 3, ya ninke bakin ya ɗinke. Ƙasa da haka ba zai rufe mutum da jakarsa ba idan iska tana kaɗo ruwa ta gefe. Kafin a biya kuɗi a buɗe shi gaba ɗaya a ɗaga wa rana, duk wani huji zai bayyana. A ja kusurwoyin da ƙarfi, domin daga nan yake fara mutuwa.

Launi ba abin wasa ba ne a wannan yanki. Kada a sayi mai kalar kakin soja ko mai dabbare-dabbare, komai arharsa. Inda aka sha wuya irin ta 2014, baƙo mai irin wannan kaya a kan dutse zai tayar wa mutane hankali, ya kuma ja wa kansa tambayoyin da takardar sashe ba za ta amsa ba. Haka nan, kafin a hau ko'ina a tambayi halin tsaro na wannan lokacin, a gabatar da kai ga mai unguwa ko jauro, a tafi da ɗan gari. In sun ce kada a kwana a waje, magana ta ƙare.

Wani abu da bai shafi kowa ba sai mu: ƙarar ruwa a kan tamfol shuɗi tana kashe ɗaukar murya. Ina da hirar rabin sa'a wadda ba a jin komai cikinta sai kamar ana suyar gyaɗa. In ruwa ya sauko a kashe na'ura, a koma rubutu.

Ɗaurawa

A tanadi igiya siririya mai ƙarfi kamar mita 20, a yanka ta gida shida ko takwas tun daga gida. Turakun ƙarfe ba su da amfani sosai a nan, domin ƙasar dutse ce, ba sa shiga. Duwatsun kansu su ne turaku: a ɗaura igiya a jikin dutse mai nauyi, a danne da wani. Idan zobe ya fita, kada a huda tamfol kamar yadda na yi. A sa ɗan dutse mai santsi a cikin kusurwar, a dunƙule shi, a ɗaure wuyansa ta waje. Wani yaro mai kiwon awaki ne ya nuna mini wannan, kuma ya fi zoben riƙo.

In inuwa kawai ake so, gangara ɗaya ta isa: gefe ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. In ruwa ne, a miƙa igiya tsakanin bishiya biyu ko gwafa biyu, a rataya tamfol a kai ya sauko ta ɓangare biyu kamar rufin kwano, a sassauko da shi kusa da ƙasa. Hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa, saboda haka gefen da ya fi rufuwa shi zai fuskanci gabas, ba bakin shiga ba. Da hunturu kuma iskar daga arewa maso gabas take, sanyin dare a kan dutse ya fi na gari nesa.

Wurin da aka zaɓa ya fi yadda aka ɗaura muhimmanci. Yashin busasshen rafi yana da laushi, yana kiran mai gajiya, amma ruwan da aka yi a can sama zai iya gangarowa cikinsa ko da ɗigo bai faɗi a inda kake ba. Ƙololuwar dutse da gindin doguwar bishiyar da ta tsaya ita kaɗai kuwa wuraren tsawa ne. Kuma kada a ciro duwatsu daga jerin da manoman Kamwe suka gina a gangaren dutse domin tare ƙasar gona. Aikin kakanni ne, shi ke riƙe da dawarsu.

Tun da tamfol ba shi da bango, gidan sauro dole ne, a rataya shi a jikin igiyar tsakiya, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Takardu da na'ura a sa su a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, a yi matashi da su. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa, saboda kunama ma mafaka take nema.