Gwada Ƙasa Kafin Ka Haƙa Salga

Mutane da yawa sukan haƙa salga ko ramin ruwan wanka a duk inda suka ga fili a bayan gida. Da rani ba a ganin laifinsa. Amma da damina ta yi nisa sai ramin ya cika ya tumbatsa, ko kuwa ya rufta. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙazantar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiya. Ta irin wannan hanya kwalara takan yaɗu. A shekarar 2021 ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya.

Da fari ka ɗebi ƙasar wurin, ka jiƙa ta, ka murza a tafin hannu. In ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, yumɓu ne, ba ya shan ruwa. In ta warwatse, rairayi ne.

Amma hannu kaɗai bai isa ba. Ka haƙa ƙasa har kusan zurfin da ruwan zai riƙa tsaya. A gindin wurin ka yi ɗan rami, fāɗinsa ƙafa 1, zurfinsa ƙafa 1. Ka kankare gefensa da wuƙa, don fartanya takan daddaɓe ƙasa ta toshe ƙofofin ruwa. Ka zuba tsakuwa kaɗan, ka cika shi da ruwa, ka bar shi ya kwana. Kada ka tsallake wannan. Busasshiyar ƙasa ƙishirwa take ji, za ta shanye ruwan farko da sauri ta ruɗe ka. Laka ma takan dare da rani, ruwa ya zurare ta tsagar, alhali da ta jiƙe ta kumbura ba abin da zai wuce.

Kashegari ka zuba ruwa inci 6, ka kafa kara mai alamar inci-inci, ka duba agogo. Minti nawa ruwan yake ɗauka ya sauka inci 1? Ka maimaita har lissafin ya daina canjawa. In ya wuce minti 60, wurin bai dace ba, nemi wani. In bai kai minti 1 ba, kada ka yi murna: ƙasar ba za ta tace ƙazanta ba, sakinta kawai za ta yi. Mutanen jigawa su lura da wannan.

Rami ɗaya yakan yi ƙarya. Ka haƙa uku.

A ganina, a yi gwajin a watan Agusta ko Satumba, lokacin da ruwan ƙasa ya taso. Ka leƙa rijiyar da ke kusa ka ga inda ruwa ya tsaya. Gindin salga ya kasance aƙalla ƙafa 5 sama da nan. Tsakaninta da rijiya kuwa a bar ƙafa 100, kuma salgar ta kasance ta gangare. Mazauna bakin fadama, in ruwan ƙasa ya matso sama ƙwarai, sai ku tara ƙasa ku yi tudu, ku gina salgar a kai.