Taron Masu Ɗori da Masu Tausa

A Fammar da sauran garuruwan Kibiya da Rano, wanda ya karye wurin mai ɗori akan fara kai shi. Sana'ar gado ce, abin da uba bai sani ba kuwa ɗa ba ya samunsa. Saboda haka ya kamata Hakimi ya riƙa tara masu ɗori da masu tausa bayan kaka, ya gayyato ma'aikacin asibiti. Magatakarda shi zai rubuta sunayensu daga bakin dagatai. Kada a yi musu faɗa, gama wanda aka kunyata ba ya komowa baɗi.

Babban darasin shi ne ɗauri. In aka tsananta karan ɗori jini ba ya gudana, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su yi baƙi, ƙarshenta a yanke hannun. Tun ana ganin kumburin lalle a sassauta, a nufi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959. Haka nan in ƙashi ya huda fata. Mai tausa kuma kada ya murza sharaɓa mai kumburi da zafi, don gudan jini yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu.