Amsoshin Tambayoyinku: Kofin Al'ada

Wata 'yar'uwa daga Zariya tana tambaya ko kofin al'ada zai yi mata, ita da take wuni a kasuwa.

To malama, zai yi. Kofin na roba ne mai laushi, ana lanƙwasa shi a saka, ya tara jinin maimakon ya tsotse shi kamar audugar mata. Kada ya wuce awa 12 a jikinki. Ranar da jini ya yi yawa, ki zubar da wuri. Ki wanke hannu da sabulu, ki riƙe robar ruwa mai tsabta a jaka, don banɗakin kasuwa ba abin dogaro ba ne. In al'ada ta ƙare, ki tafasa shi minti 5. Da farko zai ba ki wuya, ki yi haƙuri da shi. In an sa miki robar tazarar haihuwa a mahaifa, ki fara tuntuɓar ma'aikaciyar asibiti.