Wutar Hijaz Da Darasin Duwatsu Masu Aman Wuta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafe ta da duwatsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wata rana muna karatun Hadisi a Wurno, sai wani almajiri ya tambaye ni ma'anar kalmar "harra" wadda ake yawan ambata a kan iyakokin Madina. Na ce masa a Larabci harra ita ce ƙasa mai baƙaƙen duwatsu kamar an ƙone su da wuta. Duk alhajin da ya ziyarci Madina ya ga irinsu. Lalle kuwa wuta ce asalinsu, domin narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa ya kwarara, sa'an nan ya huce ya daskare.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labarin wata wuta da za ta fito daga ƙasar Hijaz kafin tashin Alƙiyama, wadda haskenta zai haskaka wuyan raƙuma a Busra ta ƙasar Sham. A watan Jimada Lahir na shekara ta 654 bayan Hijira, watau 1256, ƙasa ta yi ta girgiza a Madina kwanaki a jere, sa'an nan wuta ta ɓarke gabas da birnin. Narkakken dutse ya malala kamar kogi fiye da kilomita 20, aka shafe kwana hamsin da ɗoriya kafin abin ya lafa, bai kuwa shiga gari ba. Imamu Nawawi, wanda ya rayu a zamanin, ya ambaci wannan wuta a sharhinsa na Sahihu Muslim. Ibn Kasir kuma ya kawo cewa jama'a sun taru a Masallacin Annabi suna tuba, sarkin garin ya 'yanta bayinsa, ya mayar da dukiyar da ya karɓe bisa zalunci.

Masana sun bayyana cewa a can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse. Idan narkakken ya taru tare da iska mai ƙarfi, sai ya nemi kafa ya fito. An ƙiyasta akwai irin waɗannan duwatsu kimanin 1,350 a duniya waɗanda ke iya tashi. Barnarsu kuwa ba ƙuna kaɗai ba ce. Akwai toka mai rushe rufin gidaje, akwai taɓo mai binne gari, akwai kuma iska mai kisa.

Wannan ta ƙarshe ita ce ta auka wa maƙwabtanmu. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya saki wata iska mai nauyi wadda ba ta da launi. Ta gangara kwari ta shaƙe mutane fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500, da yawa suna barci. A cikinsu akwai Fulani makiyaya. Tun daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

To, a nan mai karatu zai ce, ai ajali ne. Gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa. Amma mu dubi waɗannan misalai biyu. A 1985 dutsen Nebado del Ruwis na ƙasar Kolombiya ya tashi. Masana sun riga sun yi gargaɗi, amma ba a kwashe jama'a ba, taɓo ya binne garin Armero, mutum kimanin 23,000 suka halaka. A 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman da ya fi wancan girma nesa ba kusa ba, amma da yake an ji gargaɗi an kwashe dubun dubatar mutane tun da wuri, waɗanda suka mutu ba su kai dubu ba. Dukansu ƙaddara ce. Sayyidina Umar ma, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa gudun nan ma yana cikin ƙaddarar Allah.

Mu a ƙasar Sakkwato Allah Ya hutar da mu daga wannan. Tsofaffin duwatsun da suka taɓa aman wuta a Nijeriya suna can wajen Biu da Filato. Ƙasarmu kuwa masana sun ce gindin teku ce a dā, har akwai wata dabbar ruwa da aka tono ƙasusuwanta a wannan yanki aka raɗa mata suna da sunan Goronyo. Amma kowane allazi da nasa amanu. Namu shi ne ruwa. Mutanen Goronyo da Wurno ba su manta da ambaliyar Gulbin Rima ta watan Satumba 2010 ba, sa'ad da gidaje da gonaki suka nutse, gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Mutanen Rabah ma a bakin gulbi suke.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasin a bayyane yake. Idan hukuma ta yi shelar ruwa na tafe, wajibi ne magidanci ya kwashe iyalinsa zuwa tudu, domin tsare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Wanda ya zauna yana cewa tawakkali yake yi, bai fahimci tawakkali ba. Ma'aikacin da aka danƙa wa sanar da jama'a kuwa, amana ce a wuyansa, in ya yi sakaci Allah zai tambaye shi. Limamai su faɗa a masallatai, masu unguwanni su bi gida-gida. Sa'an nan mu yi koyi da mutanen Madina wajen tuba da mayar da haƙƙin mutane tun ƙasa ba ta motsa ba.

Allah Ya kiyashe mu daga bala'in sama da na ƙasa, Ya sa mu cika da imani. Amin.